Etilbenzin: Sinadarin Da Ke Bayan Farar Robar Abinci, Da Dalilin Da Ya Sa Nijeriya Ba Ta Yin Sa

Daga wakilinmu kan harkokin tattalin arziki

BAUCHI — Duk wanda ya bi ta Ƙofar Wambai a cikin birnin Bauchi, da hantsi ko da yamma, zai ga masu sayar da abinci suna zuba shinkafa ko taliya ko masa a cikin farar robar nan mara nauyi da ake kira tekawe. Zai ga masu shaguna sun jera biro da cokulan roba da kofunan yogot, ga masu faci suna fama da tayoyin Keke Napep a bakin titi. Da wuya a samu wanda ya taɓa jin sunan etilbenzin a cikinsu, amma dukkan kayayyakin nan ta kansa suka biyo kafin su zama abin sayarwa. Idan farashinsa ya motsa a Shanghai ko Rotadam ko Hustan, daga bisani motsin kan iso aljihun mai sayar da masa.

Abin da zai ɗaure wa ɗan kasuwa kai shi ne, Nijeriya tana da ɗanyen mai, tana da iskar gas, kuma ta taɓa samar da sinadarai biyun da ake haɗawa a yi etilbenzin, ɗaya a Kaduna ɗaya a Eleme kusa da Fatakwal. Duk da haka babu wata masana'anta a ƙasar nan da ke yin sa, ko ta yi sitairin da ake samu daga gare shi. Ƙwayar robar da masana'antunmu ke narkawa su yi waɗannan kaya, daga waje ake shigo da ita, da dala.

Mene Ne Shi?

Etilbenzin ruwa ne garau kamar kananzir, yana da wari irin na fetur, yana kama wuta nan da nan, yana kuma tafasa a digiri 136 na ma'aunin Salshiyos. Akwai shi kaɗan a cikin fetur ɗin da muke sha a mota, da kuma tina da masu fenti ke tsinka fenti da ita. Amma wanda masana'antu ke buƙata da yawa, ƙera shi ake yi, ta hanyar haɗa benzin da etilin. A nan sai a lura: alhazanmu sun san Larabawa na kiran fetur banzin, to wannan benzin ɗin ba shi ba ne. Sinadari ne guda da ake tsamowa daga cikin man da aka tace. Etilin kuwa iska ce da ake samu idan aka gasa gas ko nafta da wuta mai tsanani har suka farfashe.

Lissafin haɗin ba shi da wuya. Tan ɗaya na etilbenzin yana cin kimanin kilo 740 na benzin da kilo 260 na etilin. A da ana haɗa su ne da taimakon wani gishirin alminiyum mai cin ƙarfe da barin dagwalo, amma daga shekarun 1980 zuwa 1990 masana'antu suka koma ga wani irin dutse mai ƙananan ƙofofi da ake kira ziyolait, wanda kamfanoni irin su Mobil da Badger da UOP da Lummus suka ƙware a kansa. Da an gama haɗawa sai a wuce da ruwan zuwa wata tukunya da ke gefe, a gauraya shi da tururi mai zafin da ya haura digiri 600, a bi da shi ta kan sinadarin tsatsar ƙarfe, a cire masa haidurojin. Abin da ya fito shi ne sitairin.

Wannan shi ne sirrin kasuwarsa baki ɗaya. Fiye da kashi 99 cikin 100 na etilbenzin da ake ƙerawa a duniya sitairin ake yi da shi, kuma mafi yawansa ba ya ma fita daga harabar masana'antar da ta yi shi. Watau kamar ƙullu ne a gidan mai ƙosai: ba don a sayar da shi aka markaɗa shi ba, kuma mai son sanin ko ƙullun zai ƙare, sai ya dubi layin masu sayen ƙosai. Saboda haka duk wanda ya zo wa ɗan kasuwa da zancen shigo da etilbenzin a duro domin sayarwa, ko dai bai san harkar ba, ko kuma yana da wata manufa.

Sitairin kansa ba sabon abu ba ne. Wani mai haɗa magunguna a Balin, Eduard Simon, ya tace shi daga ƙaron wata bishiya a 1839, ya kuma ga ya daskare da kansa bayan 'yan kwanaki, bai san roba ya gani ba. Sai a shekarun 1930 kamfanin IG Farben a Jamus da Dow a Amurka suka fara yin sa da yawa. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ɗaga darajarsa, domin da Japan ta mamaye gonakin roba na kudu maso gabashin Asiya a 1942, dole Amurka ta gina masana'antun robar haɗi cikin gaggawa don yin tayoyin motocin soja, kuma sitairin na cikin abin haɗin. Da yaƙi ya ƙare sai aka rasa yadda za a yi da tulin sitairin, aka shiga nema masa aiki a cikin gidajen mutane. Kamfanin BASF ya fito da farin soson nan mai suna Styropor a farkon shekarun 1950.

Inda Ake Nemansa

A yau duniya na cin fiye da tan miliyan 30 na sitairin a kowace shekara, wanda ke nufin ana ƙera etilbenzin da ya ɗara haka kaɗan. Kusan rabin benzin ɗin da ake samarwa a duniya a nan yake ƙarewa. Kaso mafi tsoka yana tafiya ga robar folisitairin, wadda ke zuwa a fuska uku: garau mai saurin tsagewa, irin ta jikin biro da gidan kaset, mai jure bugu, irin wadda aka shimfiɗa a cikin firji, da kuma mai kumfa, watau farin soson da ake tsare talabijin da shi a kwali, wanda kimanin kashi 98 cikin 100 na jikinsa iska ce. Bayan wannan akwai robar ABS ta hular kwano da jikin na'urorin lantarki da fatun babur, akwai robar haɗi ta taya, akwai kuma ruwan da ake haɗawa da zaren gilashi a yi tankuna da ƙananan jiragen ruwa.

Yana da kyau ɗan kasuwa ya san cewa ba kowace roba ce 'yar gidan nan ba. Bokiti da buta da jarka da kujerar roba da buhun hatsi da leda, duk daga folietilin ko folifurofilin suke, babu ruwansu da etilbenzin. Soson katifa ma wani gida ne daban. Wanda ya tafi sari kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, takwarar ta Bauchi a suna, inda kayan roba ke jibge, zai iya bambancewa idan ya kifa kayan ya duba lambar da ke cikin alamar nan mai kusurwa uku: 6 na nufin folisitairin, 5 folifurofilin, 2 kuma folietilin mai kauri. Nan gaba kaɗan za a ga dalilin da ya sa wannan 'yar lamba ta zama abin dubawa.

Shekaru da dama ƙasar Sin ce babbar mai saye. Masana'antun Koriya ta Kudu da Japan da Saudiyya da Kuwait sun ginu ne a kan jigilar sitairin zuwa tashoshinta. Amma daga 2020 sai Sin ta fara buɗe manyan matatu masu haɗe da masana'antun sinadarai, irin su Hengli da Zhejiang, ta shiga yi wa kanta. Abin da take shigowa da shi ya sauka daga fiye da tan miliyan 3 a 2019 zuwa ƙasa da tan miliyan 1 a 2023. Kayan da ta daina saye ba su da inda za su, sai suka yi ta yawo a kasuwa suna neman mai ɗauka, ratar da ke tsakanin kuɗin benzin da etilin da kuma kuɗin sitairin ta tsuke, wani lokaci ma ta rufe ruf.

Waɗanda suka fi jin jiki su ne na Turai, saboda sana'ar tana cin tururi ƙwarai, ga shi gas ya yi tsada bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022. Kamfanin Trinseo ya rufe masana'antarsa ta Bohlen a Jamus, sa'an nan a 2023 ya rufe ta Terneuzen a Holan, ya ce sayen sitairin a kasuwa ya fi masa araha a kan yin sa. A 2024 INEOS Styrolution ya ba da sanarwar rufe tasa ta Sarniya a Kanada, bayan taƙaddama da mazauna yankin kan hayaƙin benzin. A watan Maris na 2025 kuma LyondellBasell da Covestro suka ce za su rufe wadda suka haɗa jari a Maasvlakte kusa da Rotadam. Waɗannan kamfanoni ne da suka shekara da shekaru a harkar, suna da tashoshin ruwa da bututu da ƙwararru. Wanda zai shiga yanzu ya kamata ya tambayi kansa abin da ya fi su da shi.

Rabin Hanyar Da Nijeriya Ta Yi

Tsarin masana'antun sinadaran man fetur da Kamfanin Mai na Ƙasa, NNPC, ya shimfiɗa tun ƙarshen shekarun 1970 mataki uku ne. Mataki na farko ya kammala a 1988, lokacin da aka buɗe masana'antar folifurofilin da ta baƙin garin taya a Ekpan kusa da Warri, da kuma masana'antar LAB a harabar matatar Kaduna. LAB shi ne sinadarin da ke sa omo kumfa da wanki. An tsara ta Kaduna ta riƙa fitar da tan 30,000 na LAB a shekara, da tan 15,000 na benzin, da kuma ruwan kananzir mara wari na masu fenti da maganin ƙwari. Wannan ita ce masana'antar benzin da Arewa ta taɓa samu, kuma an kafa ta a daidai lokacin da shirin SAP na 1986 ya karya darajar naira, gwamnati na ta kiran masana'antu su nemi kayan aikinsu a gida. Ko Hukumar Binciken Albarkatun Masana'antu an kafa ta ne a 1987 saboda wannan manufa.

Mataki na biyu shi ne Eleme, wadda ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1990 da ƙarfin tan 300,000 na etilin a shekara. A hannun gwamnati ba ta taɓa kusantar wannan adadi na tsawon lokaci ba, har aka sayar wa kamfanin Indorama kashi 75 cikin 100 na hannun jarinta a 2006 kan dala miliyan 225, inda ta farfaɗo. Mataki na uku, wanda ya kamata ya samar da dangin benzin da yawa, bai wuce takarda ba. Ita kuwa masana'antar Kaduna, ƙaddararta a ɗaure take da ta matatar. Kananzir da nafta take ci, kuma su daga ɗanyen man da ake turowa ta bututu mai ɗaruruwan kilomitoci daga yankin Warri suke fitowa. Duk ranar da aka fasa bututu ko matata ta tsaya, ita ma ta tsaya. Haka aka yi ta yi har ta yi shiru. A watan Fabrairun 2023 NNPC ya ba kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu kwangilar gyaran matatar kan kimanin dala miliyan 741.

To, a ce komai ya tafi daidai, shin da Nijeriya ta yi etilbenzin? Mu ɗauki alƙalami. Kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin LAB benzin ne, saboda haka tan 30,000 na LAB zai cinye kimanin tan 10,000 daga cikin 15,000 ɗin nan, saura 5,000. Ko da an hana masu omo gaba ɗaya, an juya dukkan benzin ɗin Kaduna zuwa etilbenzin, abin da za a samu bai fi tan 20,000 da 'yan kai ba. Masana'antun sitairin da ake ginawa a wannan zamani kuwa, tan 500,000 a shekara ba abin mamaki ba ne a wurinsu. Irin wannan tana buƙatar kimanin tan 390,000 na benzin, watau ninki 26 na abin da Kaduna za ta iya, da kuma tan 140,000 na etilin, kusan rabin abin da aka tsara wa Eleme tun farko.

Ga kuma matsalar nisa. Benzin ruwa ne, tanka za ta ɗauke shi. Etilin kuwa iska ce da ba ta zama ruwa sai an sanyaya ta zuwa digiri 104 ƙasa da sifili, don haka a duniya ta bututu ake tura ta zuwa maƙwabciyar masana'anta, ko a jirgin ruwa na musamman mai tsada. An ajiye sinadari ɗaya a Kaduna, ɗaya a bakin teku. Har ila yau, Eleme ruwan gas take fasawa, shi kuwa ba ya ba da benzin mai yawa kamar yadda nafta ke bayarwa. Siyasar raba arziki tsakanin shiyyoyi tana da hujjarta, amma sinadarai ba su san shiyya ba, maƙwabtaka suke so.

Akwai dai wata ƙofa da aka bari a rufe. Sashen matata da ke fasa mai mai nauyi ya koma fetur yana fitar da wata iska mai ɗauke da ɗan etilin, wadda galibi ƙona ta ake yi a matsayin makamashi. Tun farkon shekarun 1990 masana a Sin suka gano yadda za a haɗa wannan iska kai tsaye da benzin a samu etilbenzin, suka fara a matatar Fushun da ƙaramin sashe, daga baya matatunsu da dama suka ɗauka. Matatar Kaduna tana da irin wannan sashe, tana kuma da na benzin a harabar guda. A ganina, a wancan lokaci da kasuwa ba ta cika ba, ƙaramin gwaji irin na Fushun abu ne da zai yiwu. Yanzu kuwa inda wannan dabara za ta iya yin ma'ana shi ne matatar Dangote da ke Lekki, saboda girmanta da kusancinta da teku.

Yadda Farashi Ke Isowa Bauchi

Ƙwayar folisitairin da ta ABS suna sauka a tashoshin Apapa da Tin Can da Onne da Lekki a cikin kwantena, a buhunan kilo 25. Masana'antun Ikko da Ota da Agbara, da na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, su ke narka su su fitar da kaya, sa'an nan dillalai su ɗora a mota zuwa Bauchi ta hanyar Jos ko ta Ningi. Farashin da mai shago a Ƙofar Wambai zai biya yana da hawa uku: kuɗin ƙwayar a kasuwar duniya, canjin dala, da kuɗin mota.

Na farkon yana bin ɗanyen mai, amma ba sau da ƙafa ba. Benzin da danginsa suna ƙara wa fetur ƙarfi, don haka idan buƙatar fetur ta tashi a Amurka lokacin bazara, masu matatu kan bar su a cikin fetur maimakon su tsamo su, sai benzin ya yi wuya. Haka ya faru a tsakiyar 2022, inda farashinsa ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Amma ga ɗan kasuwar Nijeriya, hawa na biyu ne ya fi ciwo. A 2015 Babban Banki ya sanya kayayyakin roba cikin jerin kaya 41 da aka hana wa dalar gwamnati, ba a ɗage ba sai Oktoban 2023. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a hukumance, kimanin 750 a hannun 'yan canji. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A misali, in tan ɗaya dala 1,000 ne, buhu ɗaya dala 25 ke nan. Wanda ke samun dalar banki ya tashi daga naira 11,500 zuwa 37,500 a kan buhun, wanda ke saye a bayan fage kuma kuɗinsa ya ninka. Ke nan a daidai lokacin da sitairin ya yi kwantai a duniya, masu shi na rufe masana'antu saboda araha, mu a nan tsada muka gani.

Hawa na uku ya fi damun farin soso fiye da kowace roba. Tirela cike da tekawe, iska ta ɗauko daga Ikko zuwa Bauchi, kuma kuɗin gas ɗin mota bai san da haka ba. Wannan ne ya sa masu ƙera farin soso a ko'ina suke kafa injinsu kusa da masu saye. Shi ne kuma dalilin da ya sa 'yan jari-bola, waɗanda ba sa barin gorar ruwa ko fasasshen bokiti a ƙasa, suke tsallake tekawe: buhu guda ba ya motsa sikeli. Amfanin da aka sani ana yi da tsohonsa bai wuce a narka shi a fetur a liƙe rufin kwano mai yoyo ba. Sauran sai kwata, kuma duk mazaunin cikin gari ya san abin da ke biyo baya idan ruwan Agusta ya sauka.

Wani ɓangaren buƙata kuma mun riga mun rasa shi. Michelin ya rufe masana'antar tayarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008. Da su aka tafi da masu sayen robar haɗi da baƙin garin Warri. Yanzu sitairin ɗin da ke cikin tayoyinmu a ƙere yake shigowa, haka na cikin talabijin da wayar hannu. Ita ma Bauchi ta san irin wannan rashi tun da kamfanin harhaɗa motoci da taraktoci na Steyr ya durƙushe.

Doka Ta Shigo Ciki

Ranar 21 ga Janairun 2024 gwamnatin Jihar Legas, ta bakin Kwamishinan Muhalli Tokunbo Wahab, ta haramta amfani da farar robar abinci, tana mai kafa hujja da toshewar magudanan ruwa. Jihar Abiya ta bi sahu cikin 'yan kwanaki. A watan Yunin 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta hana robobin amfani sau ɗaya a ma'aikatu da hukumominta, sa'an nan daga 1 ga Yulin 2025 Legas ta faɗaɗa hanin zuwa wasu robobin. Tarayyar Turai ta riga ta hana kwanukan abinci na farin soso tun Yulin 2021. Ta fuskar lafiya kuma, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon ta daɗe da sanya benzin a sahun abubuwan da tabbas suna haddasa cutar, ta sanya etilbenzin a sahun masu yiwuwa a shekarar 2000, ta kuma ɗaga sitairin zuwa sahun da ake kyautata zato a 2018. Wannan ya fi shafar ma'aikatan da ke shaƙar su kullum, irin masu fenti da feshin mota, amma ya shiga bakin masu neman a hana tekawe.

Sitairin ma ba abin wasa ba ne a ƙasa mai zafi. Idan ya ɗumama a tanki yakan fara daskarewa da kansa, yana ƙara zafi har ya yi tururi. Haka ya faru a masana'antar LG Polymers da ke Bishakafatnam a Indiya ranar 7 ga Mayun 2020, inda fiye da mutum goma suka rasu, aka kwantar da ɗaruruwa a asibiti. Mai tunanin shigo da ruwan sitairin ya dafa folisitairin a nan, kamar yadda Masar ta yi a Iskandariyya, sai ya fara lissafa kuɗin sanyaya tanki dare da rana a ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas.

Ga mai sari a Bauchi, hanin Legas yana da fuska biyu. Kayan da aka kora daga babbar kasuwar ƙasa dole su nemi wata, don haka tekawe na iya yin sauƙi a jihohin da ba su hana ba. Amma masana'antun da ke yin sa a can suke, kuma mai injin da ya rasa babban mai sayensa ba zai daɗe bai sauya sana'a ba. Abin da yake sauyawa zuwa gare shi kuwa sananne ne: kwanon roba mai murfi, mai lamba 5. A nan ne lissafi ya juya. Matatar Dangote, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, wadda aka ƙaddamar a Mayun 2023, ta fara fitar da folifurofilin a Maris na 2025 daga sashe mai ƙarfin tan 830,000 a shekara, ga kuma na Indorama. Roba mai lamba 5 tana da uwa a gida, mai lamba 6 kuwa marainiya ce, dala ke shayar da ita.

Saura batun Kolmani, wanda ba a zama da 'yan kasuwar Bauchi ba tare da ya taso ba. NNPC ya ba da sanarwar samun mai a rijiyar Kolmani ta biyu, a iyakar Bauchi da Gombe ta ɓangaren Alkaleri, a watan Oktoban 2019. Ranar 22 ga Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin, aka ambaci fiye da ganga biliyan 1 na mai da gas mai yawan kafa biliyan 500. Abin da aka lissafa za a gina shi ne matata mai ganga 120,000 a rana, da tashar tace gas, da tashar lantarki mai megawat 300, da masana'antar takin zamani mai tan 2,500 a rana. Babu tukunyar etilin a jerin, babu sashen benzin. Ni ban ga laifin haka ba. Taki da lantarki suna da masu saye a bakin ƙofa, daga manoman Alkaleri har masu injin niƙa na cikin gari, alhali etilbenzin daga Kolmani zai yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci kafin ya ga teku, ya je ya tarar da na Sin da na Saudiyya suna jiran mai saye.

Buƙatar dangin sitairin ba za ta mutu a Nijeriya ba, wuri za ta sauya. Firji da na'urar sanyaya ɗaki da kayan lantarki suna ƙaruwa da ƙaruwar birane, masu gini sun fara amfani da farin soso wajen ado da tare zafi, masu sayar da kifi da ƙanƙara da masu jigilar alluran rigakafi kuma ba su da abin da ya fi shi riƙe sanyi da araha. Waɗannan ba su doka ke bi ba, domin ba a yar da su bayan cin abinci ɗaya.

Saboda haka mai jarin da dillali ya kawo wa tallar injin tekawe na hannu, wanda aka ciro daga wata masana'anta a Ikko ana sayarwa da rahusa, ya fara tambayar abin da ya sa mai shi ya rabu da shi. Sa'an nan ya tambaya ko injin zai karɓi folifurofilin idan aka sauya masa wasu sassa, da nawa sauyin zai ci, domin injin da ke hura folisitairin ya yi kumfa ba ɗaya yake da mai matsa kwano mai murfi ba. Ya kuma nemi farashin buhun ƙwayar guda biyu, ta gida da ta waje, a ajiye a ƙofar shagonsa a Bauchi, ba a bakin tashar Apapa ba.